Daga ƙeya ake fara karanta kalmar likitanci

A makarantar koyon jinya yawancinmu hadda muka dogara da ita, a maimaita kalma har ta zauna, bayan jarrabawa kuma ta gudu. Wata malamarmu ce ta hana mu haɗiye kalma ɗungurungum. Ta ce mu yanka ta gaɓa-gaɓa, mu fara daga ƙeya, domin can ne ake faɗin abin da ya samu mara lafiya.

Ɗauki gastroenteritis. Ɗafa-ƙeyar itis kumburi ne, gastr ciki, enter hanji, duk daga Girkanci. Da ka san itis, hepatitis da nephritis sun zo hannu, sai dai ka nemi gaɓar: hanta da ƙoda.

A ɗakin 'yan tiyata na fi ganin amfanin wannan. Ectomy cirewa ce, otomy tsagawa, ostomy kuwa ƙofa ce aka buɗe aka bar ta. In na ga colostomy, wato ƙofar da aka buɗe wa babban hanji, a fayil, tun kafin a gangaro da mutum na san sai na tanadi jakar da ake mannawa a ciki don karɓar bayan gida, na kuma shirya yadda zan yi wa iyalinsa bayani, wanda shi ne aiki mafi wuya.

Hyper da hypo kuwa, sama da ƙasa, har yau ina ganin rashin dabara ne a ce kishiyoyi su yi kama haka, balle a rubutun likita mai sauri. Mai hypoglycaemia, wato wanda sugan jininsa ya sauka, yana gumi yana karkarwa, suga yake buƙata nan take. A yi masa allurar insulin, mai saukar da suga, bisa kuskure, ana iya rasa shi. Shi ya sa wajen miƙa aiki nake ƙarawa da baki: "Sugansa sauka ya yi."

Sai dai saiwar kalma takan yaudari mutum, domin wasu sunayen tsohon zato suke ɗauke da shi. Malaria daga Italiyanci take, ma'anarta mummunar iska, don an ɗauka tururin fadama ke kawo zazzaɓin. A 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya, amma ba a sauya sunan ba. Mai cewa zazzaɓin cizon sauro ya fi littafin kusa da gaskiya.