Kowa likita ne har sai an zo cike JAMB

Shekarata bakwai ina koyarwa a wata sakandaren maza a nan cikin garin Kano, shekara uku da suka wuce aka ɗora min ofishin gaidans. Ni Jogurafi na karanta a BUK, ban taɓa yin wani kwas na ba da shawara ba, firinsifal kawai ya ce Malam kai yara na jin maganarka, shi kenan zance ya ƙare.

Karon farko da na shirya ranar sana'a abin da kowa yake yi na yi. Na gayyato likita da lauya da wani ma'aikacin banki mai taye, muka cika hol da 'yan SS3, ba wuta fanka a tsaye, likitan ya kusa awa yana cewa a dage da karatu, na baya tuni sun fara gyangyaɗi. Da aka gama na ce wa yake so ya zama likita, hannaye suka tashi sama kamar ana rabon alawa, ni kuwa ina ta jin daɗi wai na yi aiki.

Ba a yi sati biyu ba wani yaro ya same ni a ofis, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Malam Medisin zan cike. Na ce wane aji kake? Ya ce Art. Tun SS1 yaron nan Gwamnati da Adabi da IRS (darasin addinin Musulunci) yake yi, ko ɗakin gwaje-gwaje bai taɓa leƙawa ba, JAMB kuwa in Medisin kake so sai da Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizik. Shekara uku babu wanda ya gaya masa, har da ni. Ya tsaya yana murza hularsa a hannu ya ce to Malam yanzu ya za a yi? Wallahi rasa abin cewa na yi.

Ashe mun makara ne. Wannan maganar a JSS3 ake yin ta, kafin a raba su Sayans da Art da Komashal, don rabon nan shi ne yake rufe wa yaro ƙofa bai sani ba, kuma yawanci abokinsa kawai yake bi.

Shekarar da ta biyo baya sai na bar hol, na kwashi 'yan JSS3 guda ashirin muka tafi kasuwar waya ta Farm Centre. Wani mai gyaran waya ya zaunar da su a ɗan shagonsa, ya buɗe wata waya da ta faɗa ruwa, ya ɗora mita a kan bod yana nuna musu inda wuta ta tsaya, ƙaurin dalma ya cika wajen, yara har ture juna suke. Wani ya ce Oga nawa kake samu a rana? Tambayar da ba wanda ya iya yi wa likita kenan. Ya yi dariya ya faɗa musu gaskiya har da ranar da ake tashi ba ko sisi, ya ƙara da cewa Fizik ɗin da ya riƙa gudu a makaranta shi yake bi yanzu a YouTube da daddare. Daga nan muka shiga Kantin Kwari, suka ga yaron shago yana lissafin dila da yadi da ka, ya fi kalkuleta sauri.

Abin da yake ba ni haushi, 'yan jami'a da poli suna da shirin koyon aiki na SIWES tun 1973 a ƙarƙashin ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ana tura su masana'antu su ga aiki da idonsu, amma ɗan sakandare da yake kan gaɓar zaɓi sai abin da malaminsa ya ƙoƙarta. Wani kamfani a Sharaɗa sau uku ina kai takarda, har yau ana cewa manaja ba ya nan.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba fa. Washegari wani uba ya zo har ofis, ya ce Malam na kawo shi boko kai kuma ka kai min shi gyaran waya? Na ce Alhaji a yi haƙuri, amma a tambaye shi me ya gani. Yaron yana raɓe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce Baba ni Sayans zan shiga, injiniyan lantarki nake so. Alhaji ya dube shi ya dube ni, ya ce to da me da me ake buƙata? Na jawo takarda na fara rubuta masa.