Hulbar da na shuka a tsakar gida

Sai da na haihu na san hulba da gaske. Nono ya yi ƙaranci, Inna ta aiko mini da ƙulli guda daga Kasuwar Kurmi, ta ce in tafasa cokali ɗaya in sha da zuma safe da yamma. Ɗacinta kuwa sai wanda ya ɗanɗana. Cikin 'yan kwanaki na ga canji, kuma ƙanshinta ya kama gumina har zanin goyo. Ashe haka take yi wa masu shanta.

Ragowar ce ta ba ni sha'awa. Na jiƙa ta kwana ɗaya, ta kumbura ta yi yauƙi, na watsa a tsohon bahon roba cikin watan Agusta. Ta tsiro kafin mako, amma damina ta yi mata yawa, bahon kuma ba huda, saiwar ta ruɓe. Wadda ta tsira na cire na dasa a wani wuri, ita ma ta bushe. Hulba ba ta son dashe, ba ta son ruwa ya kwanta mata.

Da sanyin Nuwamba ya shigo na sake, na huda bahon, na haɗa ƙasa da yashi da takin awaki. A nan na ga kyanta. Ganye uku-uku a kowane hannu, fure ƙarami fari mai ratsin rawaya, tsayinta bai kai gwiwata ba. Daga baya ta fitar da kwanso siriri mai lanƙwasa kamar ƙahon akuya, na ɓare ɗaya na ƙirga ƙwaya 14. 'Yar dangin wake ce, har ƙulle-ƙullen da ke saiwar gyaɗa na gani a tata. Indiya ce ta fi kowa noma ta, musamman a Rajastan, kuma can ma da sanyi suke shukawa, ganyen har miya suke yi da shi. A Sudan kunu ake dama wa maijego da ita.

Yanzu nakan ɗan soya ta sama-sama kafin in daka, ɗacin yana raguwa. Maƙwabciyata mai juna biyu ta roƙa, na hana ta, domin ana gudun ta motsa mahaifa. Baba ma da yake shan maganin ciwon suga na ce sai ya tambayi likitansa, tunda tana saukar da suga. Irin bana na zuba a kwalba, yana jiran hunturu.