Ranar da muka sauke jirgin daga tirela

Ruwan gishirin Legas ba ya barin ƙarfe. Shekara 3 ina tura tirelar nan, wato keken ɗaukar jirgi da ake ja da mota, cikin ruwa duk lokacin da zan saki ƙaramin jirgina mai tafiya da iska, har boris ɗin tayar hagu ya fara kuka, tsatsa kuma ta huda ƙarfen tsakiya. Mai walda ya leƙa ƙasa sau ɗaya ya ce, "Alhaji, ba na kunna wuta jirgi na kai." Gaskiyarsa, jikin jirgin fayiba ne, tartsatsi kaɗan zai ɓata shi.

Ni da ƙanena muka fara kwantar da doguwar sandar ƙyalle, muka cire allon baya da ake juya jirgin da shi, muka kwashe komai na ciki. Sai muka ɗaure bayan jirgin da igiya a jikin bishiyar mangwaron tsakar gida, muka jera tsofaffin tayoyi 6 a ƙasa. Ba jirgin muka ja ba, tirelar muka riƙa zarewa daga ƙarƙashinsa, taku ɗaya a tsaya, a cusa taya. Nauyin dole ya sauka a kan ƙashin bayan jirgin, don gefe ba shi da ƙwari. Tayoyin gefe na hana shi karkata ne kawai.

Da hancin ya rage a kan tirela zuciyata ta yi ta bugawa. "Yaya, sassauta igiyar gaba," in ji shi. Na sassauta a hankali, jirgin ya zauna lafiya lau.

Boris biyun duka na sa aka canza, aka cika su da giris.