Littafin Baba Tela

Yau da hantsi na kai ɗinki Kasuwar Barci da ke Kaduna, na tarar tsohon telan nan ya ajiye almakashi yana rubutu a wani littafi da ya sha jiki. Na ce, "Baba, lissafin bashi ake yi?" Ya yi dariya ya miƙo mini. Ashe shekara da shekaru yake rubuta duk abin da ya ɗauki hankalinsa, daga farashin mudun masara har ranar da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Rigasa da Abuja a 2016.

Na daɗe a kan wani shafi inda labarin zaɓe ya samu layi biyu kacal, ƙyanƙyasar tattabarunsa kuwa ta cinye sauran shafin. Ni ko ranar da ruwan bana ya fara sauka ba na iya tunawa.