Laraba: tsoka a lab da safe, dambun nama da yamma

Sha ɗaya saura na dare, kowa ya kwanta sai ni da fankar nan mai ƙara, amma bari dai in rubuta abin yau kafin ya gudu daga kaina.

Yau muka yi firaktikal ɗin histoloji na tsoka, wato kallon ƙwayoyin naman jiki a maikiroskop. Na fita a makare don Umma ta tsare ni wai sai na ɗora mata naman dambun da za a kai wa Anti mai jego, ga mai adaidaita sahun da na hau kowace kwana sai ya tsaya neman fasinja. Ko da na shiga lab an riga an raba silaid, mu shida a kan maikiroskop ɗaya, ni ce ta ƙarshe a layi. Da na leƙa da ƙaramin gilashi ban ga komai ba wallahi, kamar an goga jan baki a jikin kofi. Sai da ƙawata ta murɗa min zuwa babban gilashi mai lamba 40 ta ce in dinga juya ƙaramin makunnin a hankali, sannan abin ya fito. Zare-zare dogaye ruwan hoda a jere, kowanne da ratsi-ratsi a gicciye, duhu haske duhu haske, kamar zanen saƙi. Na daɗe ina kallo har wani a bayana ya ce Hajiya ko kin saya ne.

Abin da ya fara ɗaure min kai, wai kowane zare ɗaya ƙwayar halitta ce guda ɗaya tal. Kaurinta tsakanin maikuromita 10 zuwa 100, wato kamar silin gashi ko ƙasa da haka, amma tsawonta sai ya kai santimita da yawa. Kuma niyukiliyas ɗinta ba ɗaya ba ne kamar sauran ƙwayoyin da muka saba zanawa tun sakandare, da yawa ne, rinin ya mai da su shunayya, duk an tura su gefe sun manne da bango kamar fasinjan da aka matse a jikin ƙofar bas. Malam ya tambaya me ya sa, kowa ya yi tsit. Ashe tun jariri na ciki ƙananan ƙwayoyi ne masu yawa suke haɗewa su zama ɗaya, kowacce ta shigo da nata niyukiliyas. Gefen kuma da aka tura su, ai tsakiyar babu wuri, kayan aiki sun cika ta.

Silaid na biyu an yanka tsokar a gicciye ne, shi kuma kamar ka juya ɗaurin tsintsiya ka kalli gindin. Kowane zare da ɗan siririn tantaninsa, endomisiyam, zaruruwa kamar goma zuwa ɗari a ɗaure su dami guda da ferimisiyam, sannan duk damman a naɗe su da efimisiyam. Wannan na ƙarshen na san shi tun ina yarinya ban san sunansa ba, shi ne farin yanar nan mai sheƙi da ake fama da ita a jikin nama in wuƙa ba ta da kaifi. Tantanin nan ukun su ne suke tafiya su haɗe a ƙarshe su zama igiyar da ta kama ƙashi, irin agara. Mu kuma a Hausa komai jijiya, ta jini jijiya, mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya, mai ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya, shi ya sa in tsohuwa ta ce jijiya ke damunta sai ka yi ta tambaya kafin ka gane wacce.

An nuna mana na zuciya da na hanji don kar mu rikita su a jarabawa. Na zuciya shi ma da ratsi amma yana da rassa kuma niyukiliyas na tsakiya, na hanji babu ratsi sam. Shikenan, ban tsaya a kansu ba.

Ratsin nan shi ne labarin. Cikin kowane zare akwai wasu ƙananan zaruruwa cunkus, mayofaibiril, kowanne kuma an jera shi gaɓa-gaɓa kamar rake, daga layin Z zuwa layin Z, gaɓa ɗaya ita ce sakomiya. Tsawonta in tsoka na hutawa bai fi maikuromita 2 da ɗoriya ba, na yi lissafi a bayan littafina, milimita ɗaya kacal za ta ɗauki kusan 400. A ciki akwai zare mai kauri, mayosin, da siriri, aktin, sun shiga tsakanin juna kamar ka sarƙe yatsun hannu biyu. Inda mai kaurin yake shi ne duhun, inda siririn yake shi kaɗai shi ne hasken.

Ni da a zatona in tsoka ta tsuke zaruruwan ne suke gajercewa kamar roba. Ashe ko ɗaya. Zamewa suke yi a kan juna, duhun yana nan yadda yake, hasken ne ke raguwa. A 1954 aka fito da wannan bayanin, takardu biyu a fitowa ɗaya ta mujallar Nature, ɗaya ta Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, ɗaya ta Hugh Huxley da Jean Hanson, kuma Huxley ɗin nan biyu ba 'yan uwa ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Duk Turancin da Malam ya yi bai shige ni ba sai da na tuno jan guga a rijiyar gidan kakanmu a ƙauye. Aktin ce igiyar, kawunan mayosin su ne hannaye, a kama a ja a saki a sake kamawa gaba, kuma ba a taɓa saki gaba ɗaya lokaci guda, in ba haka ba guga ya koma ruwa.

Amma igiyar a rufe take in ba a ba da umarni ba. Wani furotin, turofomayosin, yana kwance a kan wurin kamawar. Sai jijiyar saƙo ta zubo wani sinadari, asetilkolin, a bakin zaren, lantarki ya bi fatar ƙwayar ya nutsa ciki ta wasu 'yan bututu masu suna T, rumbun kalsiyam da ke kewaye da zaruruwan ya buɗe, kalsiyam ya kama wani furotin ɗin daban, turofonin, shi kuma ya janye murfin, sai ja ya fara. Duk wannan kafin ƙiftawar ido, kai ita ƙiftawar idon ma ta haka ake yin ta. Ina rubuta wannan yatsuna na ta yi ba su tambaye ni ba.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, fitilun maikiroskop duk suka mutu, babu wanda ya tayar da janareta, aka ce mu zana abin da muka gani daga ka. Nawa zanen ya fito kamar tabarmar da akuya ta ci.

Na dawo gida wajen la'asar na tarar Umma ta sauke naman tana dakawa a turmi. Na tsuguna na ɗauki sili ɗaya na ɗaga shi a rana, na yi ta tsaga shi da farce har ya gagara, na ce Umma kin san wannan ɗan mitsitsin ma dami ne, ƙwayoyi da yawa ne a ciki. Dahuwa ce ta narkar da tantanin da ya ɗaure su shi ya sa suke warwarewa. Ta ce to sannu likita, miƙo min yaji.

Hajiya kakata tana kan tabarma tana jin mu, ta ce kishiya an fara iyayin boko ke nan. Na ce Hajiya bari in tambaye ki, me ya sa ƙirjin kaza fari amma cinyarta ja-ja, tattabara kuwa ƙirjinta ne ja? Ta ce haka Allah ya yi su. Na ce gaskiya ne, amma da dalili. Kaza yini take tana yawo a ƙafa, tashinta bai wuce fur ta haye katanga ba, tattabara kuwa a sama take yini. Tsokar da ke aiki a hankali ba gajiya tana cike da mayogulobin mai riƙe iskar oksijin da ƙananan hanyoyin jini, shi ne jan. Farar kuwa mai sauri ce da ƙarfi amma nan da nan ta sare. Mu ma duka biyun gare mu a cakuɗe, tsokar baya da ta sha-raɓa ta ciki masu riƙe mu a tsaye jar ta fi yawa a cikinsu. Hajiya ta ce to ke farar ce ta yi miki yawa, shara kaɗan kin zauna.

Daga nan hirar ta juya inda ban zata ba. Hajiya ta daɗe tana wankan gawar mata a unguwarmu, in an yi rasuwa ita ake aikowa. Na gaya mata abin da ya fi tsaya min a rai yau, cewa hannun mayosin ba ya sakin igiya sai sabon ATP ya zo ya kama shi, ATP ɗin nan shi ne man da ƙwaya ke ƙonawa, kuma kwashe kalsiyam a mayar rumbu shi ma da ATP ake yi. Wato sakin jiki ma ba kyauta ba ne, biya ake yi. In rai ya fita man ya ƙare, kalsiyam ya tsiyayo, hannayen su kama su kasa saki, jiki ya sandare. A littafi an ce yana farawa bayan awa 2 zuwa 6, ya kai ƙarshe wajen awa 12, sannan ya saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu in naman ya fara lalacewa.

Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce daga fatar ido da muƙamuƙi yake farawa ko? Na ce eh, ya aka yi kika sani. Ta ce shi ya sa ake gaggawar shafe ido a ɗaure haɓa a miƙar da hannu da ƙafa tun jiki da ɗumi, kuma lokacin zafi ya fi saurin kamawa, na bazara ba ya jira. Duk haka yake a littafin, har maganar zafin. Ni na biya kuɗin makaranta na karanta, ita da hannunta ta sani tun kafin a haifi Umma. Na rasa abin cewa. Ita ce ma ta katse shirun, ta ce Allah ya sa mu cika da imani, tashi ki kawo min ruwan alwala magariba ta yi.

Dambun ya yi daɗi, na saci cokali biyu Umma ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Juma'a akwai tes, kuma har yanzu ina rikita yankin H da layin M na cikin sakomiya, na san dai M ɗin yana tsakiyar H. Wuyana ya riƙe saboda sunkuyon maikiroskop, gobe zan je da wuri in kama na kusa da taga ko da an sake ɗauke wuta.