Yadda na haɗa bidiyon waƙar yaye ɗalibai da wayar hannu

Ɗaliban ajin ƙarshe na sakandaren garinmu, nan ƙasar Ringim, sun yi karo-karo bayan sun gama NECO, suka je wani situdiyo a Kano aka buga musu waƙar bankwana. Baiti huɗu ce da amshi, kiɗan fiyano, tsawonta minti huɗu da 'yan kai. Hoton kuwa su suka ɗauki abinsu da wayoyin aro guda uku, a harabar makaranta, da bakin Kogin Haɗeja, da gefen layin dogon nan da ya tashi daga Kano zuwa Nguru. Haɗawar ce ta faɗo kaina, domin ƙanwata tana cikinsu, kuma an san ina taɓa editin a shagon cajin da nake zama.

Tun farko na ce kada wanda ya turo min ko guntu ɗaya ta WhatsApp, saboda matse bidiyo yake yi har fuska ta dagule. Kowa ya kawo wayarsa muka tura ta Xender, wanda ba ya cin data. Minti ɗaya na hoton 1080p yana iya cin sama da megabayit 100, don haka sai da na sayi memori. Na rubuta waƙar layi-layi a littafi, na kalli komai, na sa lambar kowane guntu a gaban layin da ya dace da shi. Aiki ne mai gundura, amma shi ya hana ni lalube daga baya.

Inda gumi yake shi ne daidaita baki da waƙa. A CapCut, manhajar haɗa bidiyo a waya, na shimfiɗa sautin situdiyo a ƙasa, ban ƙara taɓa shi ba har aka gama. Kowane guntu yana ɗauke da muryar sifikar da suka kunna suna bi, don haka sai in nemo dukan gangar farko a zanen sautin, in ɗora shi kan na situdiyo, in kashe sautin guntun. Na harabar makaranta suka zauna daram. Na bakin kogi kuwa, sauti ya hau sauti, amma baki yana zuwa a makare. Da na tambaya, ashe sifikar tana wurin mai ɗauka, su kuma suna can nesa kan yashi. Sauti yana tafiyar kamar mita 340 ne a daƙiƙa. Wanda ke da tazarar mita 34 da sifika zai ji kiɗan bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato firam uku in waya tana ɗaukar firam 30 a daƙiƙa (firam shi ne hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo). Firam uku ba komai ba ne a lissafi, amma ko yaro ya kalla zai ce bakin nan bai hau ba. A irin wannan ido ne ke aiki. Na riƙa neman inda leɓe ke haɗuwa, wato wurin b da m, kamar a farkon "malamai" da "makaranta" da "bankwana", ina tura hoton firam-firam har rufewar baki ta faɗa kan harafin.

Wajen yanka, waƙar ce ta nuna min hanya. Waƙar Hausa jagora ce da 'yan amshi, to idan mai baiti na rerawa sai in matso kusa da shi, idan amshi ya faɗo sai in buɗe a ga taron duka. Ba na yanka a tsakiyar kalma, ina jiran ƙarshen layi ko saukar ganga. Ɗaliban sun so kowane canji ya zo da juyi da walƙiya irin na TikTok, muka ɗan yi ja-in-ja. Na haɗa musu baiti ɗaya iri biyu, suka kalla, da kansu suka ce mai juyin yana sa jiri. Yankan kirki kamar ɗinkin gwanin tela yake, ba a ganin inda aka haɗa.

Wasu guntayen a tsaye aka ɗauke su, wasu a kwance. Na yi babban bidiyon a kwance, na tsayen na ajiye su don ɗan gajeren da za a sa a sitatus.

Launi ma ya ba da aiki. Damina ce, gajimare yana rufe rana yana buɗewa a cikin guntu ɗaya, ga wayoyi uku kowace da nata launin. Ga kuma farin hijabi da tsakar rana: waya tana rage haske saboda farin, sai fuska ta yi duhu. Na ɗaga hasken inuwa, na rage na farin, fuskoki suka fito. Sai ƙanwata da ƙawarta suka same ni. "Yaya, don Allah ka ɗan ƙara haska mu, ka ga yadda 'yan fim suke fitowa." Na ce mata, "Hoton zan haska, fatarki ba zan taɓa ba. Wannan bidiyon 'ya'yanki za su kalla, ina so su gan ki yadda Allah Ya yi ki." Ta yi fushi na ɗan lokaci, amma har yanzu ina kan wannan ra'ayin. Raina yana ɓaci in ga an wanke yaran ƙauye da filta har uwar da ta haife su ta kasa gane su.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mutanen da ke bayan hoto. A guntayen bakin kogi akwai mata suna wanki, cikinsu da matan aure, ba wanda ya nemi izininsu. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, amma a ƙauye kafin a kai ga wata hukuma akwai miji, akwai uba, akwai mai unguwa, kuma gobe da su za ka gaisa a masallaci. Inda zai yiwu na matso da hoton har matan suka fita daga ciki, inda ba zai yiwu ba na zubar da guntun, har da wanda ya fi kowane kyau, inda kwalekwale ke wucewa. Akwai kuma yarinyar da ta rera baiti na uku, wadda mahaifinta ya yarda da waƙa amma ba a yi masa maganar hoto ba. Na ɗauki waya na je har zaurensa bayan la'asar. "Baba, ga shi ka gani kafin kowa ya gani." Ya kalla har ƙarshe, ya ce muryarta ta zauna, a bar ta cikin 'yan amshi, amma a cire inda aka matso da fuskarta ita kaɗai. Na cike baitin da hoton malamai da azuzuwa da gonakin geron da ke bayan makaranta, kuma baitin dama yabon malamai ne, sai ya fi dacewa da hakan. Saboda irin wannan ne na hana kowa ɗanɗano kafin a gama, domin bidiyon da ya shiga waya ɗaya ya shiga gari ke nan.

Ranar fitarwa na jira wayar ta cika da caji ta huce, don da hadari sola ba ta ja sosai, kuma fitar da bidiyo yana zafafa waya. Na fitar da 1080p na nunawa a bikin yaye, da 720p mara nauyi na rabawa. Shugaban makaranta ya kalla ya amince kafin a saki.

'Yan aji biyar sun riga sun zo cewa baɗi ni zan haɗa musu. Na ce na yarda, amma a kira ni tun ranar ɗauka: sifika ta zauna kusa da masu waƙa, waya a kwance, a fita da hantsi ko bayan la'asar, a rera waƙar daga farko har ƙarshe a kowane wuri, kuma mai ɗauka ya duba wa ke bayansu kafin ya danna.