Godiyata ga mutanen Aboabo

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an yi taron baje zanen yaran makarantarmu ta Aboabo a nan Kumasi, an tashi lafiya. Jiya ne na fara samun barcin kirki tun daren Laraba, muryata ma ba ta gama dawowa ba, don haka wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi mini afuwa.

Ba sai na maimaita abin da iska da ruwa suka yi wa rufin ajinmu ba. Kun gani, wasunku ma har gwiwa suka shiga ruwan. Abin da ya ƙi barin zuciyata shi ne kiran da aka yi mini bayan isha'i, mahaifiyar wata yarinyata 'yar aji huɗu tana kuka, wai an duba ɗaki an duba maƙwabta ba a gan ta ba. Duk mazaunin Aboabo ya san halin kwatar unguwar nan idan ta cika ta batse. Ina tafe ina Innalillahi, ƙafata na rawa, ina faɗa wa kaina ni na jawo, ni na sa wa yaran nan son fenti a rai.

A makaranta muka same ta. Baba maigadi ya ɗora ta a kan tebur a kusurwar da ba ta yoyo, ya lulluɓe ta da rigar ruwansa, shi kuwa yana tsaye a jiƙe sharkaf yana haska mata da 'yar tocilarsa don kada ta tsorata. Na rungume ta na ji wani abu na ƙara a ƙirjinta. Ashe zanenta ne ta naɗe a leda ta cusa cikin riga. Haƙoranta na haɗuwa don sanyi ta ce, "Malama, na Kaka Alma ne, kar ya jiƙe." A nan kukan da na danne tun daga gida ya ƙwace mini.

Kaka Alma sunan da yaran suka raɗa wa Alma Thomas ne, baƙar fatar Amurka da ta shafe shekara 35 tana koyar da yara zane a birnin Washington, sai bayan ta yi ritaya a 1960 ta ba zanen kanta lokaci sosai. Tana da shekara 80, a 1972, gidan kayan zane na Whitney da ke New York ya baje aikinta ita kaɗai, abin da bai taɓa yi wa baƙar mace ba. Babu mutum babu dabba a aikin nata na tsufa, ɗigo-ɗigon launi ne a jere, ja kusa da ruwan lemo, shuɗi kusa da kore, da ɗan farin fili a tsakani. Yarinyar nan mako uku ta yi tana dangwala gefen kwali a fenti tana jera nata zagaye-zagaye. Da na tambaye ta me ta zana, ta ce ƙarar kasuwar Kejetia ce da safe. Yarinyar da a da sai ta yi wata ba ta ɗaga hannu a aji ba.

Baba, ka ce kada in ambace ka, ka yi haƙuri na kasa. Allah ya lulluɓe ka da rahamarsa kamar yadda ka lulluɓe 'yar mutane, ya kai ka Makka da ƙafarka, ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka.

Hajiya mai koko ta bakin masallaci, ke ma sai na faɗa. Da asubar Alhamis kika bar tukunyarki a hannun jikarki, kika zo da dutsen guga na gawayi, kika shimfiɗa tsohon zani a kan takardun da suka tattare kina goge su ɗaya bayan ɗaya har azahar. Da kika zo kan waɗanda muka yi irin na Esther Mahlangu, tsohuwar nan ta Ndebele a Afirka ta Kudu da ke jan layi santal da gashin kaza ba tare da rula ba, sai kika ce ai wannan adon faifai ne da tabarma, iyayenmu sun daɗe suna yi. Wallahi darasin da na yi zango guda ina ƙoƙarin koyarwa ke nan. Shi ya sa ma na kawo musu aikin matan Sirigu na can Arewacin Ghana wajen Bolga, masu ƙawata bango da ja da baƙi da fari. Mu ma jar ƙasa muka jiƙa, muka daka gawayi, muka niƙa alli, tunda kuɗin fenti bai ishe mu ba. Gashin kazan kuwa daga wurin Maman tagwaye mai yankan kaji ya fito, leda guda, ko sidi ɗaya ba ta karɓa ba.

Ina godiya ga Malam liman, da ya zo da kansa tun farkon zango lokacin da wasu iyaye suka ji tsoron hoton mai rai za mu sa yara su yi. Ya duba ya ga launi ne da layi, ya kwantar musu da hankali. Samarin da suka hau rufi suka buga kwano cikin yayyafi, da ɗaliban zane biyu na jami'ar KNUST da suka kwana suna manna mana takardu a bango, da matan da suka aiko da wake da shinkafa, Allah ya biya ku da abin da ya fi wannan. Allah ya raya muku zuri'a, ya tsare mana yaranmu daga ruwa da wuta da mugun ji da mugun gani, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Na ajiye wa 'yan'uwana na Asawase kujera huɗu a sahun gaba ranar Asabar, har aka tashi babu wanda ya zauna a kai. Daga Asawase zuwa Aboabo ko motar haya ta trotro ba sai an hau ba. Na san tun farko an ce wasan yara nake yi da karatuna, amma na so a ce ko leƙowa an yi. Babu komai, jini ba ya tsinkewa, Allah ya bar zumunci.

Zanen za su zauna a bango har ranar Juma'a bayan la'asar, wanda bai samu zuwa ba ƙofa a buɗe take. Na yarinyar nan shi ne na farko a hannun dama idan an shiga, za ku ga inda ruwa ya ɗan taɓa gefensa na ƙasa. Ta ce kada a yanke wurin, ban yanke ba. Mai shuɗin bokiti da mai babbar lema kuma, kayanku na hannun Baba maigadi.